Kilo Bakwai Tsakanina da Auta

Litinin, 5:30 na safe. Mako na ɗaya.

Jiƙa wake, buhu ɗaya da rabi, kafin motar burodi ta iso.

Litinin, 3:15 na rana

Nas ta ce in riƙa rubuta duk abin da na ci, shi ya sa na samo wannan littafi. Tun da na gama sakandare ban rubuta komai a kaina ba, sai jerin kayan miya. Ni ce babbar kuku a makarantar kwana ta 'yan mata. Baki ɗari huɗu da ashirin, sau uku a rana, shekara goma sha tara ke nan.

Bari in sa maganar a shafin farko sau ɗaya, don kar in sake rubuta ta.

Ƙodojin Auta duka biyun sun daina aiki. Shi ne ƙanena na ƙarshe, a bayana ya girma. Mu biyar aka gwada, nawa jinin ne kaɗai ya dace da nasa. Likita ya ce zai iya cire tawa guda ya dasa masa, amma ba a wannan jikin ba. Kilo tamanin da tara nake, sugana kuma yana bakin iyaka. Ya ba ni mako goma sha biyu in sauko tamanin da biyu, suga ya koma daidai. In ban kai ba za su cire sunana, Auta ya ci gaba da zuwa wankin ƙoda sau uku a mako.

Kilo bakwai. Ina ɗaga tukunyar da ta fi haka da hannu ɗaya.

Talata, 6:40 na yamma

Safe: ban ci ba. Rana: ban ci ba. Yamma: shinkafa cokali shida, kifi rabi.

Madalla.

Alhamis, 6:45 na yamma

Safe: ruwan zafi. Rana: ban ci ba. Yamma: wake kaɗan.

Abin da Baban yara ya faɗa a bakin ƙofa yau a kan maganar ƙodar ba zan rubuta shi ba. Yana da gaskiyarsa. Yara uku ne, ƙaramar ba ta gama firamare ba. Na ba shi abincinsa, ya ci, ya ce an gode.

Asabar, 7:10 na safe

Ba ni da sikeli a gida, don haka na hau na sito, wanda muke auna buhu. Mai sito ya ɗauko biro da babban littafinsa, fuska ba dariya.

"Uwar kicin, in rubuta ki a shinkafa ko a wake?"

"Rubuta ni a barkono."

Ya tura ƙarfen awon, ya dawo da shi, ya sake turawa. Tamanin da tara. Ya ce sikelin ba ya ƙarya, shekara goma yana kama masu kawo kaya da shi. Na ce ban ce yana yi ba.

Kwana biyar ina fama da yunwa. Ko giram ɗaya.

Laraba, 11:50 na safe. Mako na biyu.

Jiri ya ɗebe ni a gaban murhu. Da Doguwa ba ta riƙe ni ba da na faɗa kan tukunyar miya. Doguwa ita ce mataimakiyata, shekara goma sha ɗaya muna tare, tana ci kamar mutum uku amma har yanzu kamar sandar mofar goge ƙasa take. Ta zaunar da ni a kan bokiti, ta yi mini fifita da murfin kwano, ta ce, "Shugaba, in kin mutu a cikin miyar nan wa zai gaya wa yara abin da suke ci?"

Ban yi dariya ba. Yanzu da nake rubutawa nake yi.

Juma'a, 4:30 na yamma

Na kai wa Nas littafin. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Auta ba, amma ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni.

"Anti kuku, yunwa na aike ki ki yi? Wa ya ce ki daina cin abincin safe?"

Na ce na ɗauka in ba a zuba ba, dole ya ragu.

Ta ce jiki ba buhu ba ne. In aka hana shi abinci sai ya rage wutarsa, ya fara cin naman da ke ɗaukar ki, ba kitsen kaɗai ba. Su kuma lafiyayyar mace suke nema, ba ramammiya ba. Ta zana mini faranti a bayan katina: rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai, kwata shinkafa ko taliya. Sau uku a rana, a zaune. Tafiyar minti goma sha biyar bayan kowane ci, ba gudu ba, tafiyar da zan iya magana a cikinta. Ruwa. Barci da wuri.

Na kwafe zanen a nan da rula. Na raba shi daidai.

Litinin, 6:30 na yamma. Mako na uku.

Safe: ƙwai biyu, tumatir, burodi yanka ɗaya. Rana: faranti yadda aka zana. Yamma: haka.

Na sauka daga mota tasha ɗaya kafin tawa, na ƙarasa da ƙafa. Minti goma sha takwas. Gwiwar hagu ta yi ƙorafi, na ce mata ta kai ƙara.

Asabar, 7:05 na safe

Tamanin da takwas da rabi.

Mai sito bai yi wasa ba yau. Wannan ya fi mini ciwo.

Asabar, 5:20 na yamma

Na je wurin Auta, ranar injinsa ce. Awa huɗu yana kwance, jininsa yana fita ta wata roba yana dawowa ta wata. Na zauna ta inda ba na ganin robobin.

"Yaya, an ce kin rabu da abinci. Shi abincin ya san da maganar?"

"Rufe mini baki."

"Wallahi kujerar nan ce ta tambaye ni."

Na ɗaga jaka zan maka masa, matar da ke gadon kusa ta yi ta dariya har na'urarta ta yi ƙara. Da aka jima sai ya daina wasa. Ya ce, "Ki bar shi, Yaya. Na saba da injin nan, har suna na sa masa." Hannunsa ya koma kamar na tsoho. Shekararsa talatin da ɗaya, mutumin da yake ɗaga injin mota shi da mutum ɗaya.

Na ce masa tun yana cikin zani ba ya ba ni umarni, ba yau zai fara ba.

Lahadi, 2:00 na rana

Mako uku, rabin kilo. Na yi lissafi a bayan littafi. A haka sai na yi mako arba'in da biyu.

Na duba kowane shafi. Ban ɓoye komai ba. To me ke faruwa? Akwai wata tambaya da take zuwa mini in ina wanke hannu: ko ni ce ba na so? Ko jikina ya ji abin da bakina bai faɗa ba? Don ran da likita ya nuna mini a takarda inda za a yanka, na ji wani abu a cikina ya ce, Allah ya sa kar ki kai.

Na rubuta. Ba zan goge ba.

Talata, 5:45 na safe. Mako na huɗu.

Duba gas. Tukunya ta uku tana yoyo a kunne.

Talata, 4:10 na yamma

Yau Doguwa ta kunyata ni, Allah ya saka mata da alheri.

Tun safe na ga ta ajiye wata babbar roba mai murfi a ƙarƙashin tebur, tana ta kai da kawo wurinta. Na ɗauka na kajinta take tarawa. Da muka gama kwashe abincin rana, sai ta kira ni gefe, ta buɗe.

"Shugaba, ga abincinki."

"Wane abincina? Na ci nawa, yana rubuce."

"Wancan na zaune ne. Wannan na tsaye ne."

Ashe duk lokacin da na ɗanɗana wani abu, sai ta ɗebi daidai shi ta zuba a robar. Shayin yara da safe, mai madara da sukari, tukwane uku, kowacce rabin kofi don in ji ko ya ji sukari, sannan in sake bayan an ƙara. Gefen burodin da ake yankewa, don ba na iya ganin an zubar. Miya tukunya huɗu, kowacce sau uku ko huɗu, da ludayi, saboda ni ban taɓa ɗanɗano da cokali ba. Shinkafa, in ji ko ta nuna. Nama, in ji ko ya yi laushi. Ƙanzon gindin tukunya da ya sha mai, wanda nake ɓantara ina tafiya ina ba da umarni.

Robar ta kusa cika. Mai ya taru a sama ya yi ja.

Muka kai ta sito. Mai sito ya ɗora ta a ƙaramin sikeli, ya cire nauyin roba, ya ce kilo ɗaya da giram ɗari uku. Ya dube ni, ya dubi robar, ya ce, "Wannan ai ɗaliba guda ce ba a yi wa rajista ba."

Na ce, "Amma ai ba ci nake yi ba. Aiki nake yi."

Doguwa ta ce, "To cikinki bai san aiki ba ne."

Na zauna a kan buhun shinkafa. Shekara goma sha tara ina cewa ni ba mai ci ba ce, ƙibar gado ce. Ban yi wa Nas ƙarya ba. Ban taɓa ɗaukar abin da ya shiga bakina a tsaye, da ludayi a hannu, a matsayin abinci ba. Wadda ta koya mini aikin nan ta ce kuku da harshenta take gani. Ba ta ce in haɗiye duk abin da na gani ba.

Sai kuma na ji wani sanyi a raina. Ba zuciyata ba ce ta ci amanar Auta. Ludayi ne.

Laraba, 5:35 na safe

Daga yau ba na ɗanɗana komai. Ko ɗigo.

Alhamis, 2:40 na rana

Gishiri ya yi yawa a miya. Yara sun ci da ƙunƙuni.

Juma'a, 3:30 na rana

Yau kuma babu gishirin sam. Na ji tsoron jiya, na rage hannu. Yara ɗari huɗu da ashirin suka ɗauki cokula suna buga faranti tare, kamar an koya musu. Shugabar makaranta ta aiko a kira ni.

Ban taɓa tsayawa a ofishinta saboda abinci ba. Ta ce, "Lafiya kuwa? Shekara nawa ba a taɓa kawo ƙararki ba." Na ce lafiya lau, kuskure ne. Ta daɗe tana kallona. Ta ce in akwai abin da ya kamata ta sani, ƙofarta a buɗe take. Na ce babu.

Na dawo kicin na tarar da matan kicin su shida sun zuba mini ido. Na ce me kuke kallo, tukwane za su wanke kansu ne?

In na ɗanɗana, na rasa Auta. In ban ɗanɗana ba, ban iya aikina ba. Ashe ban san yawan gishirin da nake zubawa ba. Hannuna ya sani, harshena ya sani, ni ban sani ba.

Asabar, 9:00 na safe

Na yi tunani a hanya. Abin da hannu ya sani ana iya auna shi.

Na aro ƙaramin sikelin Mai sito. Zan ɗebi gishiri yadda na saba, amma kafin in zuba sai in ɗora a sikeli in rubuta. Doguwa ta ɗanɗana, ta ce a ƙara ko a bari. Abin da aka ƙara shi ma a auna. Haka sukari, haka mai, haka barkono, tukunya tukunya, har mako guda.

Doguwa ta ce, "In na yi ƙiba mijina zai zo ya yi miki godiya da kansa."

Asabar, 1:30 na rana. Mako na biyar.

An gama. Na rubuta komai a babban kwali da biro mai kaurin baki, na manna a bango kusa da murhu. Babbar tukunyar miya: gishiri giram ɗari uku da hamsin. Shinkafa rabin buhu: gishiri kaza. Shayi: sukari kaza. Yanzu ko sabuwar ma'aikaciya za ta iya.

Ni kuma na ɗaura ƙaramin cokalin shayi a igiyar rigar aikina. Tukunya ɗaya, cokali ɗaya, sau ɗaya, a ƙarshe. Kuma ina rubuta shi. Gefen burodi da ƙanzo suna tafiya wurin kajin Doguwa.

Wani abin da awon ya tona: man da nake zubawa a miya ya kusa ninka abin da take buƙata. Na rage kashi ɗaya cikin uku. Ba yarinyar da ta lura.

Sikeli: tamanin da bakwai da giram ɗari shida.

Ya motsa. Ya motsa!

Laraba, 3:00 na rana. Mako na shida.

Bayan abincin rana nakan zaga filin wasan yara sau uku. Ranar farko ni kaɗai, ina jin kamar duk tagogin azuzuwa ido ne. Rana ta biyu Doguwa ta biyo ni, wai tana gadina kar in tsaya wurin mai sayar da biskit. Yau mu biyar ne, da takalman roba da hulunan kicin. 'Yan aji uku suka leƙo ta taga suna tafi, suna cewa, "Mama kuku! Mama kuku!" Malaminsu ya kore su, sannan shi ma ya tsaya yana kallo.

Na ɗaga musu hannu kamar wata shugabar ƙasa. Ban san abin da ya shiga kaina ba.

Asabar, 7:00 na safe

Tamanin da shida da giram ɗari bakwai.

Mai sito ya ce kaya suna raguwa a sitonsa, dole ya kai rahoto.

Lahadi, 6:50 na yamma

Na gama cin abinci, na ɗauki mayafi zan fita tafiyata. Na tarar da Baban yara a bakin ƙofa da takalminsa a ƙafa. Mako biyar ke nan maganarmu ba ta wuce ga ruwa, an gode.

"Ina za ka?"

"Hanyar ta ki ce ke kaɗai?"

Muka bi ta bayan shagon aski, muka wuce gidan mai, muka juyo ta wurin masu faci. Shi kafinta ne, tafiyarsa ta mai sauri ce, amma ya rage. Da muka kusa gida sai ya ce, "Gadon nan namu ya yi ƙasa da yawa. Mai ɗinki a ciki ba zai ji daɗin tashi daga kansa ba. Zan ƙara masa ƙafa."

Na ce to. Na kalli wani wuri.

Asabar, 7:05 na safe. Mako na bakwai.

Tamanin da biyar da giram ɗari takwas.

Na hau benen ofis ban tsaya a tsakiya ba. Barcin rana da yake danne ni bayan cin abinci ya daina zuwa. Siket ɗin aiki yana juyawa da kansa, na sa masa fil.

Asabar, 7:00 na safe. Mako na takwas.

Tamanin da biyar daidai.

Litinin, 12:20 na rana. Mako na tara.

Sun kira daga asibiti.

Litinin, 7:30 na yamma

Ba su sallami Auta ba.

Talata, 7:40 na yamma

Zazzaɓi. Ta wurin robar wankin ƙoda da ke wuyansa ya shiga, in ji su. Bai gane ni ba da farko.

Laraba, 4:00 na yamma

Safe: ban sani ba. Rana: burodi guda, babba, da bota, a tsaye, a bayan ƙofar sito. Shayin yara kofi biyu. Ƙanzo.

Na rubuta.

Alhamis, 7:15 na yamma

Haka.

Juma'a, 5:10 na yamma

Ya buɗe ido ya ce, "Yaya, wa ya sace miki kumatu?" Na fita baranda na yi abin da zan yi, na wanke fuska, na dawo.

A barandar Nas ta same ni. Na miƙa mata littafin a buɗe a shafin Laraba, don ta san irin matar da suke jira. Ta karanta, ta ce, "Kwana biyu cikin kwana tamanin da huɗu. Anti, ke kuku ce. In tukunya ɗaya ta ƙone, rufe kicin ɗin kike yi?"

Sai na gaya mata ɗaya maganar, wadda na rubuta a mako na uku. Cewa ina tsoro. Cewa wani lokacin ina fata in kasa.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce duk wanda ya zo ba da ƙoda ya ce ba ya tsoro, shi suke ƙara bincika. Ta ce ko a ranar aikin na ce na fasa, ba wanda zai tambaye ni dalili, kuma Auta ba zai taɓa jin daga bakinsu cewa ni na fasa ba. "Ƙofar a buɗe take har ƙarshe. Ki sani."

Na duba ƙofar da ta buɗe mini. Na ga ba na son bi ta cikinta. Tsoron yana nan inda yake, bai ragu ba. Amma yau na san ba tura ni ake yi ba.

Asabar, 7:00 na safe

Tamanin da biyar da giram ɗari biyu. Na karɓa.

Ƙwai biyu, tumatir. A zaune.

Asabar, 7:05 na safe. Mako na goma.

Tamanin da huɗu. An sallami Auta ranar Talata.

Saura kilo biyu, mako biyu. Doguwa ta kawo mini wani ganyen shayi a leda, wai maƙwabciyarta ta sha ta zube cikin kwana biyar. Na kira Nas. Ta ce in na sha abin da ba ta sani ba, ƙodar da nake tanadi ita zai fara taɓawa. Na mayar wa Doguwa. Ta ce dama gwada ni take yi. Ƙarya take.

Na ƙara zagaye ɗaya a fili. Ban rage abinci ba. Wannan ya fi komai wuya, in ga kwanaki suna ƙarewa in zauna in cinye farantina.

Laraba, 2:15 na rana. Mako na goma sha ɗaya.

Na shiga ofishin shugabar makaranta da ƙafata na gaya mata komai, don zan buƙaci hutu in abin ya yiwu. Ta cire tabarau. Ta ce, "Shi ne kika bari yara suka buga miki faranti ba ki ce komai ba?" Na ce ban so a ji ba, kar in kasa. Ta ce kicin fa? Na ce yana rubuce a bango.

Asabar, 7:00 na safe

Tamanin da uku da giram ɗari ɗaya.

Laraba, 6:30 na yamma. Mako na goma sha biyu.

Ban hau sikeli ba. Ba zan hau ba sai na asibiti. Mai sito ya ce ko leƙawa? Na ce a'a.

Ruwan sama ya hana fita. Na yi tafiyata a cikin ɗaki, daga ƙofa zuwa taga, taku tara. Ƙaramar 'yata tana ƙirga mini, tana cuta, tana tsallake lamba don in gama da wuri.

Litinin, 11:40 na safe

Na je ba ci ba sha, kamar yadda aka ce. Sun ɗebi jini. Sannan Nas ta ce in cire takalmi in hau.

Sikelin asibiti ba irin na sito ba ne, lambobi ne suke rawa kafin su tsaya. Na rufe ido. Na ce a raina shi ke nan.

"Anti, buɗe idonki mana. Naki ne."

Tamanin da ɗaya da giram ɗari takwas.

Na ce ta sake. Na sauka, na hau. Haka. Na ce ko ya lalace? Ta hau da kanta don in gani, ta ce ga shi, nata ma bai rage mata komai ba, mugu ne. Awon ƙugu: santimita tara sun tafi. Hawan jini daidai.

Saura jini. Gwajin yana nuna sugan wata uku gaba ɗaya, ba na yau kaɗai ba. Wato burodin bayan ƙofar sito yana ciki. Sai Laraba.

Talata, 3:00 na rana

Na wanke tukwanen da aka riga aka wanke.

Laraba, 1:25 na rana

Likita ya juyo da takardar ta fuskance ni, ya sa biro a kan lambar, ya ce ta sauko cikin layi, ba a baki ba, a ciki sosai. Ya ce, "Me kika yi?" Na ce na daina aiki da ludayi. Bai gane ba. Nas ta juya baya tana dariya.

Sun sa rana. Mako uku daga yau. Ya ce in ci gaba da duk abin da nake yi, har bayan aikin, har tsufa, don ƙodar da za ta rage mini ita kaɗai za ta riƙe gida.

Na kai. Ni. Na rubuta shi da babban baƙi: NA KAI.

Laraba, 5:50 na yamma

Daga ofishin likita na wuce ɗakin inji. Auta yana kwance. Na ɗora masa takardar a ƙirji. Ya karanta da hannu ɗaya. Ya sake karantawa. Ya ɗora takardar a fuskarsa ya daɗe bai cire ba.

Daga ƙarƙashinta ya ce, "Yaya, ita ƙodar taki, ta iya faɗa kamar ke?"

"Ta fi ni. In ka sha abin da bai kamata ba za ka ji ta."

"Shi ke nan, na shiga uku. Har cikin cikina kin biyo ni."

Matar gadon kusa ta ce a ba ta takardar ita ma ta gani. Aka bi da ita gado gado, kowa ya taɓa.

A kicin mata sun yi ta ihu har mai gadi ya leƙo. Doguwa ta ɗaga ni sama, ta ce a da ba za ta iya ba. Baban yara da na kira shi ya ce, "Alhamdu lillahi," sau uku, sannan ya ce yana da aiki, ya kashe. Na san irin aikin.

Yamma: kifi, kabeji, shinkafa kwata. Cokalin ɗanɗano: huɗu. Tafiya: minti ashirin.

Gobe, Alhamis:

Takardar neman hutu, kwafi biyu.
Kai siket uku wurin tela a rage.
Silifas da ƙaramar jaka.
Nuna wa babbar 'yata yadda ake kunna gas ba tare da ta ƙona gira ba.
Albasa ta kusa ƙarewa, a gaya wa Mai sito.
Samo wa Auta gorar ruwa, babba, mafi girma a shagon. Shekara biyu da ƙaramin kofi ake auna masa. Likita ya ce bayan aikin zai sha iya son ransa.